Gida da Gari: Filaza a Jikin Katangar Hajiya

Saƙonnin da suka taru mini a wannan wata yawancinsu daga yanki ɗaya suka fito: Nassarawa GRA, titin Gidan Zoo da kewayen Farm Centre. Da gangan na haɗa waɗanda maganarsu ta ci karo da juna, don mai gida da mai shago da mai tukuba kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Kamar kullum, na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye da lambobin gidaje.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na haura shekara talatin a gidan nan, a cikinsa na aurar da 'ya'yana, a cikinsa maigidana ya rasu. Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ma Allah ya yi masa rasuwa, magada suka sayar da gidan. Wanda ya saya ya rushe shi, ya sare itatuwan, ya tayar da bene hawa uku na shaguna, can sama kuma holin biki. Tagogin baya suna leƙen tsakar gidana, janareta na jikin bangon ɗakina, masu sayayya kuma su toshe mini get har sai an bi shago-shago ana cigiyar mai mota. Ina da abin yi, ko in tattara in bar musu unguwar?
Wata Hajiya, Nassarawa GRA

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ƙara miki haƙuri. Kada ki tattara tukuna.

Mu fara da takarda, don a nan ƙarfinki yake. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da ni da ke muke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. Ki buɗe satifiket ɗin gidanki, za ki ga an rubuta abin da aka ba da filin dominsa, wato gidan zama. Na maƙwabcinki ma haka aka rubuta masa. Sayen gida ba ya goge wannan layin. Wanda ya saya yana buƙatar izini iri biyu: na sauya manufar filin daga zama zuwa kasuwanci, wanda ake bi ta ma'aikatar ƙasa, da na ginin kansa, wanda hukumar tsara birni ta KNUPDA ke bayarwa bayan ta duba zane. A shekarun da na yi a aikin tsara gari, gini marar takarda kwata-kwata bai cika zuwa gabana ba a irin unguwarku. Takardar tana nan lafiya lau, sai dai ba ita aka bi ba. Zane ya ce hawa biyu, magini ya ɗora na uku. Zane ya nuna wajen ajiye motoci a gaba, da aka zo aza harsashi aka jera shaguna a kansa. Zane ya ce ofisoshi, aka wayi gari da kujerun roba da dije. Saboda haka in kin je hukuma kada ki tsaya a "ya samu izini?", don za a ce miki ya samu. Ki ce a fito da zanen da aka amince da shi, a gwada shi da abin da ke tsaye.

Kafin in zo kan tagogi, bari in faɗi yadda aka yi unguwarku ta kawo nan, don ki san abin da zai gyaru da wanda ya riga ya wuce. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, suka yanka wa kansu mazauni a gabas da ganuwa. Dokar garuruwa ta zamanin Gwamna Lugga, ta 1917, ta raba gari kashi-kashi, ƙa'idarsu kuma ita ce a bar sarari na yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga wajenmu ya kai musu. Wariya ce tsagwaronta, babu abin yabo a niyyar. Amma ga abin da ta bari: filaye masu eka guda ko fiye, ƙaramin gida a tsakiya, boskwata a baya, tituna masu faɗi da kwata a buɗe, da maɗaci da darbejiya a jere. Bayan samun 'yancin kai manyan ma'aikata da attajirai suka gaji wurin. An yi wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara gari mai suna Trevallion ya rubuta, amma gari ya yi wa tsarin fintinkau tun wa'adinsa bai cika ba.

Abin da ya jawo kasuwa cikinku a fili yake. Mai mota da ke son leshi ko turare ko kayan ɗaki ya gaji da turmutsutsun Kwari da Sabon Gari da Ƙofar Wambai. So yake ya tsaya a ƙofar shago, ya shiga sanyi, ya fito. Nassarawa na da faɗin titi, ga inuwa, ga natsuwa, masu kuɗin ma a nan suke kwana. A ɗaya gefen kuma ga magada goma sha a kan gida ɗaya, babu mai ƙarfin biyan sauran. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wanda ya zo gina filaza a nan, faɗin titin da inuwar da natsuwar ne suka kawo shi, kuma su yake fara kashewa. Na farko ya ci riba saboda maƙwabtansa ba su sare nasu itatuwan ba, inuwarsu yake sayarwa. Kafin a kai kan na ashirin, babu sauran abin sayarwa sai tayil da fitilu.

Ni ba na cikin masu cewa a mayar da GRA yadda take a zamanin Audu Bako. Ba zai yiwu ba, kuma da nauyi a ce iyali ɗaya na zaune a eka biyu a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane, alhali a Kurna da Rijiyar Lemo ana cusa gida a rabin fuloti na awon igiya. Manyan tituna irin su Audu Bako da Ahmadu Bello da titin Lodge, ciniki ya riga ya zauna a kansu, a bar shi ya zauna bisa ƙa'ida. Jayayyata tana kan ƙananan layukan ciki masu lanƙwasa, waɗanda aka shimfiɗa don motocin gidaje goma. Kamata ya yi hukuma ta fito ta ce wannan titi na kasuwa ne, wancan na zama ne, ta liƙa taswirar inda kowa zai gani, mai saye ya san abin da ya saya, mai zama ya san abin da zai zo jikin katangarsa. Matuƙar fuloti-fuloti ake ba da izini, kowane fayil shi kaɗai ake dubawa, kuma kowanne shi kaɗai ba ya kama da matsala. Babu mai zama ya lissafa abin da za su yi wa titi ɗaya in sun haɗu.

Yanzu tagogi. Wannan ba sai an je ga dokar Bature ba. A cikin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu, an hana mutum ya buɗe taga da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, ko ya fasa ƙofa daidai da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cutar da shi. Da wannan magabata suka yi gini a cikin birni, shi ya sa ƙofofin zaure da soro ba sa kallon juna, taga kuma take zama 'yar ƙarama can sama. Gyaran naki ba shi da tsada in aka gwada da kuɗin benen. A toshe ƙasan tagogin da bulo, a bar abin da ya haura tsayin mutum don iska da haske. Janareta a ɗauke shi daga jikin bangonki a mayar gefen titi, a gina masa ɗaki, a ɗaga bututun hayaƙinsa sama. Holin biki a yanka masa lokacin tashi, a juya lasifikoki su bar kallon gidaje. Get ɗinki a kafa masa turakun ƙarfe dama da hagu, mai gadin filaza ya riƙa tsare ƙofarki yadda yake tsare tasu.

Ki fara tura babban ɗanki da wani dattijo daga masallacin layin su sami mai ginin. Yawancinsu ba su taɓa tsayawa a tsakar gidan maƙwabci sun ɗaga kai ba. A gayyato shi, a tsayar da shi wajen igiyar shanyarki, ya kalli tagoginsa daga nan. Na ga wannan kaɗai ya kashe magana. In ya yi kunnen uwar shegu, ku rubuta ƙorafi ke da sauran gidajen layin, da hotuna da kwanan wata, ku kai KNUPDA, ku tabbatar an buga muku hatimi a kwafinku. Takarda mai hannun gida takwas ta fi wuyar ɓacewa a durowa. Kotu ita ce ta ƙarshe. Sauran masu karatu kuma, lokacin magana shi ne ranar da kuka ga an kewaye gidan maƙwabci da kwano an fara sauke yashi da tsakuwa. Da zarar an zuba kankaren rufin hawa na biyu, rabin maganar ta wuce.

TAMBAYA: Baba, mu goma sha ɗaya ne magada, ga iyayenmu mata biyu. Mahaifinmu ya bar mana gida a bakin babban titi a GRA, filin ya kai eka ɗaya. Wani dillali ya kawo mana mai kuɗi, ya ce in aka rushe za a fitar da shago 80 a hawa uku, mu riƙa karɓar kaso. 'Yan'uwana mata sun fi son a sayar kowa ya kama gabansa. Wanne ya fi?
Wani matashi, Nassarawa GRA

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Dillali shago yake ƙirga muku, ni mota zan ƙirga.

Eka ɗaya murabba'in mita 4,000 ne da 'yan kai. Mota a tsaye tana cin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, in ka haɗa da hanyar shiga da juyawa sai ka ware mata murabba'in mita 25. Ɗauka rabin masu shago 80 ne kawai ke zuwa da mota. Mota 40 ke nan tun mai saye ko ɗaya bai iso ba, kuma waɗannan daga safe har dare suna nan. Ƙara wasu 40 na masu sayayya bayan la'asar. Mota 80 sau 25, murabba'in mita 2,000, kusan rabin filinku. In zanen da aka nuna muku bai bar rabin fili babu gini ba, motocin nan kan titi za su hau, su yi ta fama da 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci, wata Hajiyar kuma irin wadda ta rubuto a sama ta rasa hanyar fita gidanta. Mai sayen da ya guje wa Kwari saboda rashin wajen tsayawa, ran da ya zagaya sau biyu bai samu ba, shi ke nan kun rabu.

Sannan shago 80 a takarda ba haya 80 ba ne a aljihu. Ka bi filazojin titin Gidan Zoo da rana kana ɗaga kai. Ƙasa cike. Hawa na biyu teloli da masu kwalliya da ofisoshin tikitin jirgi. Na uku kuwa sau da yawa kwalaye ne jibge a bayan gilashi, ko takardar neman ɗan haya da rana ta kodar. Bakano ba ya son hawa matakala don abin da zai samu a ƙasa.

Ka tuna da Kantin Kwari. Tun asali unguwar Kwara ce, mutanen Labanan da Siriya, kanti a gaba, iyali a baya ko a sama. Sannu a hankali iyalai suka fice, ɗakuna suka zama shaguna, tsakar gida ta zama shaguna, lungu ya tsuke, daga ƙarshe aka hau kan magudanan ruwa. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa atamfa da shadda da yadi na maƙudan kuɗi. Kwari ta fi ƙarfin wannan ya kashe ta, don kasuwar sari ce, daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa, kuma ɗan sari zai jure cunkoso saboda farashi. Filazar GRA kuwa jin daɗi take sayarwa. Ran da jin daɗin ya ƙare, mai saye ya koma wani titi, don ba shi da alkawari da ku.

Da nawa ne, ba zan rushe tsohon gidan ba. Irin gidajen nan masu dogon rufi da baranda, masu gidajen abinci da makarantun yara da ƙananan asibitoci nemansu suke ido rufe. Akwai wani gida a yankin, ba zan faɗi titin ba, da magada suka bar manyan itatuwan maɗacin da ke tsakiyar fili, suka jera shaguna hawa biyu kacal ta gefe biyu, suka zuba tsakuwa a ƙarƙashin itatuwan maimakon siminti. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dafa bayan motar da aka ajiye a can, sannan ka tsallaka titi ka dafa wadda aka ajiye gaban filazar da ke kallonsa, mai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama yana fuskantar yamma. Ta biyun ba za ka iya barin hannunka a kai ba. Direbobi sun riga kowa ganewa: su sauke iyayen gidansu a ƙofar gilashin, su tsallako su shimfiɗa tabarma a gindin maɗaci. Bangon gilashi mai kallon yamma a Kano dizal yake sha, kuɗin ya faɗa kan ɗan haya, shi kuma ya ɗora wa mai saye, har ya gaji ya tashi. Ko babban kantin Ado Bayero Mall, da aka buɗe a 2014 da wadataccen wajen ajiye motoci, abin da suka yi daidai ke nan, bai hana Shoprite rufe reshensa na ciki a Janairun 2024 ba. Don haka kada hoton kwamfuta mai ƙyalli da aka nuna muku ya ɗauke muku hankali daga tambayar wa zai biya haya shekara biyar a jere.

In kun yanke za ku gina, akwai abubuwan da babu rangwame a kansu. Injiniya na gaske ya duba ƙasa da rodi da kwaɓin siminti, ya kuma riƙa zuwa wajen aiki. A ƙarshen Agustan 2022 bene da ake kan ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufta kan mutane. A bar hanyar da motar kashe gobara za ta kewaye ginin, a yi matakala biyu nesa da juna. Wanda ya ga abin da gobarar Maris 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Banɗaki na maza da na mata a kowane hawa. Wajen alwala da salla a cikin fili, don kada sahu ya fita kan kwalta. Wajen sauke kaya da tara shara a baya. Duk waɗannan suna cin wurin shago, shi ya sa ba ka gan su a lissafin dillali ba.

Batun 'yan'uwanka mata kuwa, kada ku maza ku yanke sannan ku kai musu labari. Wadda ke son kuɗinta a hannu haƙƙinta take nema. A sa masu ƙima su yi wa gidan kuɗi, a fitar da tumunin iyayenku, mai son fita a sayi rabonsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da shuf'a, shi ya fi bare cancantar karɓar rabon ɗan'uwansa. In kuma za ku shiga da mai kuɗin, ku ba shi haya ta shekaru ƙayyadaddu, satifiket ya zauna da sunanku, lauyanku daban da nasa. Ku kuma sani dokar 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sayar da irin wannan fili, ko jinginar da shi, ko miƙa shi ga wani.

TAMBAYA: Malam, layinmu da ba ya tara ruwa, yanzu ruwan awa ɗaya sai ya shigo mana falo. Ruwan ne ya ƙaru?
Wani ma'aikaci, Tarauni

AMSA: Malam, ko ruwan bai ƙaru ba, wajen shigarsa ya ragu. Fili mai ciyawa da itace yana shanye kaso mai yawa na abin da ya sauka a kansa. Da an lulluɓe shi da kwano da siminti da intalok, kusan duka titi yake fitowa, kuma lokaci guda. Kwatar layinku don ruwan gidajen da aka haƙa ta. A cikin birni ma kududdufai ne ke riƙe ruwa kafin a cike su a yi gini, yanzu sai ya kwararo rafin Jakara gaba ɗaya.

Ka bi kwatar da ƙafa ranar da babu hadari, daga ƙofarka har inda ta faɗa babbar magudana. Ina kyautata zaton za ka tarar da inda wani mai shago ya rufe ta da kankare tun daga farkon filinsa har ƙarshe don motoci su hau, bai bar murfi ko ɗaya da za a ɗaga ba. Ka durƙusa ka haska tocila ta bakin: leda, robobin ruwa, yashin da ya rage daga gini. A fasa, a sa murafu masu ɗaguwa duk bayan 'yan taku, a yashe kafin watan Yuni.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai tsire ne, ɗana ne ya rubuta mini. Shekara tara ina kafa tukubata a wata kusurwa, tun wurin yana kango. Yanzu an gina filaza, manaja ya ce ina ɓata musu fuska, in tashi. Alhali masu shagon da kansu suke aiko yara su saya. Ina zan sa kaina?
Mai tsire, titin Gidan Zoo

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, a gai da ɗan naka. Zan fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba. In tukubar tana gefen titi ko kan kwata, wurin na jama'a ne, shekara tara ba ta mayar da shi naka ba, kamar yadda ginin da ke bayanka bai mayar da shi na manaja ba. Hayaƙi kuma in ya shiga shagon leshi, mai leshin yana da gaskiya in ya yi ƙorafi.

Sauran maganar ta manaja ce, ka nuna masa shafin nan. Filaza mai shago 40 tana kawo 'yan mata masu tsaron shago, da masu gadi, da masu shara, da direbobi, da 'yan dako. Babu ɗayansu da albashinsa zai kai shi gidan abincin da ke cikin ginin. Dole su ci, don haka mai shayi da mai ƙosai da mai awara za su zo, mai faci da mai POS su biyo baya. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita sahu ke ɗauke da yawancin ma'aikatan nan, su ma sai sun tsaya sun sauke sun ɗauka. Mai zanen da bai ware wa waɗannan wuri ba, kan titi ya tura su, sannan a dawo ana cewa su suka ɓata unguwa. Mu kuwa mun daɗe da sanin yadda ake yi. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, kowace sana'a da layinta: masu turare nan, dukawa can, maƙera da nasu, mahauta da nasu gefen. Ba a kori mahauci don aikinsa da jini ba, wurin da ya dace da aikin aka ba shi.

Kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu da mai shayi da sauran, ku sa shugaban ƙungiyarku gaba, ku nemi kusurwa a cikin katanga kusa da get, ku biya ɗan abin da kuka daidaita duk wata, a rubuta. Ka yi wa tukubar bututun hayaƙi da ya haura tagogin ƙasa, ka tanadi ruwa da kwandon shara, ka fara hura wuta bayan la'asar. Wajen zaɓar kusurwa ka lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, a nemi gefen da hayaƙin ba zai riƙa faɗawa shagunan kaya ba. Ka kuma tuna wa manaja cewa bayan an ja ƙofofi ƙarfe tara, fitilarka da masu jiran tsire su ne idon da ya rage a wurin, kuma ba ya biyan ku ko kwabo.

TAMBAYA: An yi mini tayin shago a wani sabon jeri da aka gina jikin katangar wani filin gwamnati. Wuri ne mai ciniki, kuma akwai takardar rabo daga hukuma. In saya?
Wata 'yar kasuwa, Gyaɗi-Gyaɗi

AMSA: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kama aiki, aka rushe benen shaguna na Filin Sukuwa, da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi. Da yawa daga masu su suna riƙe da takardu daga gwamnatin da ta gabata. An je kotu, an yi shari'ar diyya, amma jarin da ya kwanta a ƙarƙashin ɓaraguzai ya daɗe bai tashi ba. Ba wanda ya yi daidai tsakanin gwamnatocin biyu nake yanke miki ba. Abin da ya shafe ki shi ne, filin da aka yanko daga makaranta ko asibiti ko masallacin idi ko maƙabarta ko jikin ganuwa, duk gwamnatin da ta zo tana iya cewa ta dawo da shi, kuma dokar 1978 ta ba gwamna ikon soke izini saboda amfanin jama'a, diyyar ma ta ginin da ke kai ce, ba ta darajar wurin ba.

Ki karɓi lambar fayil ki je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a bincika miki sunan wa ke kai da abin da aka ba da filin dominsa. Ki nemi ganin tsohuwar taswirar awon unguwar. In wurin an nuna shi a matsayin makaranta ko sarari ko gefen hanya, ki haƙura. Ki tambayi izinin gini na KNUPDA, ki kuma duba ko ƙofar shagon a kan kwata take. In mai sayarwa ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, akwai wani mai so da zai kawo kuɗi gobe, ki bar wa wancan ɗin.